Ungozomar da ta san ta: nazarin haihuwa uku na wata mata a Sakkwato

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa tana zaune ne a wata unguwa da ke gefen birnin Sakkwato, a gida ɗaya da uwar mijinta da matan ƙannensa biyu. An yi mata aure tana da shekara 17, ta yi firamare da Islamiyya, mijinta kuma ɗan kasuwar albasa ne wanda yakan yi kwanaki a hanya idan ya ɗauki kaya zuwa kudu. Daga 2018 zuwa 2024 ta haihu sau uku, kuma babu haihuwar da ba ta zo mata da zubar jini ba, sai dai yadda aka tarbi kowace ɗaya da abin da ta bari a zuciyarta sun bambanta ƙwarai. An tattara bayanan ne daga katinanta na awo, da littafin ɗakin haihuwa, da hira da ita da ungozomomi biyun da suka riƙe cikinta na uku, bisa yardarsu, kuma an sakaya sunan kowa.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa matan da ke haihuwa a asibiti a jihar Sakkwato ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, alhali a Najeriya baki ɗaya sun kai kashi 39. A yawancin asibitocinmu ma'aikatan ɗakin awo daban ne da na ɗakin haihuwa, su kuma na ɗakin haihuwa suna karɓa-karɓa tsakanin aikin safe da na rana da na dare, saboda haka mace kan yi wata shida tana zuwa awo, ranar naƙuda kuma ta faɗa hannun wadda ba ta taɓa gani ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, kuma a inda aikin ungozoma ya kafu, ungozoma ɗaya ko 'yar ƙaramar tawagar da matar ta sani su riƙe ta tun daga awo har haihuwa har jego.

Cikin farko, 2018: hannu da yawa

Ta fara awo a wani babban asibiti cikin yana da mako 22, ta kuma je sau biyar kafin ta haihu. Katinta yana ɗauke da rubutun hannu iri huɗu. Takan fita gida bayan sallar asuba don ta kama layi, ta saurari jawabin da ake yi wa mata gaba ɗaya, sannan a auna nauyinta da hawan jini da tsayin ciki cikin 'yan mintuna, a miƙa mata ƙwayoyi ta tafi. Ma'aunin jininta na PCV, wanda ke nuna yawan jajayen ƙwayoyin jini, ya nuna 30 a zuwan farko, wato ƙasa da 33 da ake so ga mai ciki, kuma ba a sake auna shi ba. Ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ta kuwa ta daina sha bayan mako biyu, saboda tana tayar mata da zuciya, kuma matan gida sun ce mata tana sa ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Babu wanda ya tambaye ta ko tana sha, ita ma kunyar cikin fari ba ta bar ta ta ɗaga zancen ba.

Naƙuda ta tashi mata a watan Agusta, tana gidan iyayenta goyon ciki. Ta ɓoye ciwon kusan yini guda kafin mahaifiyarta ta gane, aka kai ta asibiti da magariba. Ta yi awa 15 a ɗakin haihuwa, a cikinsu aka canja ma'aikata sau biyu, mutum biyar suka duba bakin mahaifarta, kuma a cewarta babu wanda ya faɗa mata sunansa ko abin da ya gani. An tsayar da mahaifiyarta a waje. Da kan jariri ya taho aka yi mata ƙari, wato yankan da ake yi don faɗaɗa hanyar haihuwa, ba tare da an sanar da ita ba, sai jin almakashi ta yi. Ta haifi namiji mai nauyin kilo 2.9, jini ya ɓalle mata bayan fitar mabiyiya, aka tsayar da shi da allura da ruwa, aka ƙara mata jini leda ɗaya. Ta fuskar aikin likitanci an ceci uwa da ɗa. An sallame ta kwana biyu bayan haka ba tare da an bayyana mata dalilin zubar jinin ba, ba a kuma gaya mata cewa yana iya dawowa a haihuwar gaba ba, kuma ba ta koma awon bayan haihuwa ba.

Ciki na biyu, 2020: komawa ɗaki

A ciki na biyu sau biyu kawai ta je awo, shi ma don ta sami kati ne, ko da za a buƙace shi wata rana. An yi ƙoƙarin shawo kanta ta hanyoyi da dama. Wata ma'aikaciyar lafiya da ke shiga gidaje ta zo ta yi mata bayanin haɗarin haihuwa a gida, mijinta ya ajiye kuɗin mota da na magani, aka kuma sanar da ita cewa ana ba masu haihuwa a asibiti kayan haihuwa kyauta. Duk wanda ya yi mata magana sai ta ce to, ba ta musa ba, ba ta kuma je ba. Masu lallashin sun ɗauka matsalarta rashin sani ne ko rashin kuɗi, domin su ne dalilan da aka saba ji, ita kuwa abin da ke ranta shi ne hannuwan baƙi a jikinta da ƙarar almakashi, kuma babu wanda ta saba da shi har ta iya gaya masa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

A watan Nuwamba ta haifi mace a ɗakinta, ita kaɗai, da dare. Sai da jaririyar ta yi kuka sannan uwar miji ta shigo, aka aika kiran ungozomar gargajiya don yanke cibiya. Mabiyiya ta ƙi fita, jini kuma yana ta zuba. Tun 2013 jihar Sakkwato ta fara raba wa masu haihuwa a gida ƙwayar misoprostol mai tsayar da jini da man chlorhexidine na shafa wa cibiya, kuma tana cikin jihohin da suka fara yin haka, amma a wannan dare babu ko ɗaya a gidan. Bayan an gwada jiƙe-jiƙe da hura kwalba, aka sami keke napep aka kai ta asibiti kusan awa uku bayan haihuwar, PCV ɗinta ya sauka zuwa 20. An cire mabiyiyar da hannu, aka ƙara mata jini leda biyu, ta kwana biyar. Ta shafe watanni tana fama da jiri da kasala, nononta ma bai wadaci jaririyar ba sai da aka haɗa da madara.

Ciki na uku, Oktoba 2023 zuwa Janairu 2024: ungozoma ɗaya

Tsoron abin da ya faru a gida ya sa a wannan karon ta yarda ta fara awo da wuri, cikin yana da mako 16, a wani asibitin gwamnati matsakaici da ke kusa da su, mai likita da ɗakin gwaji da damar ƙarin jini. Ta dace da wata babbar ungozoma wadda ta haura shekara ashirin a aiki. Da ta ga an rubuta ƙarin jini a haihuwa biyu a jere, sai ta bar ta zuwa ƙarshen layi, ta rufe ƙofa, ta zauna da ita fiye da rabin awa. Ba ta fara da nasiha ba, tambaya ta yi: "Ɗiyata, gaya mini yadda haihuwarki ta fari ta kasance." A nan ne matar ta faɗi labarin ƙarin da aka yi mata da almakashi, karo na farko cikin shekara biyar, ta kuma faɗi cewa ba ta taɓa shan ƙwayar ƙarin jini ta ƙare ba.

Awon ranar ya nuna hawan jini 100/60, PCV kuma 28. Ungozomar ta bayyana mata cewa macen da ta taɓa zubar da jini bayan haihuwa ta fi wata yiwuwar sake yi, cewa mai ƙarancin jini ba ta jure asarar da mai isasshen jini za ta jure, kuma ƙwayar jinin uwa take ginawa, ba ita ke hana ɗa fita ba. Ta ce ta riƙa shanta da dare bayan cin abinci kaɗan, kada ta haɗa da shayi. Ta ba ta Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta sha a gabanta, aka yi mata allurar tetanos, sannan ta rubuta mata lambar wayarta a bayan kati. Da za ta fita matar ta juyo ta ce: "Malama, in naƙuda ta tashi, ke zan iske?" Ungozomar ta ce in Allah ya yarda.

Zuwa biyu na gaba, a mako na 20 da na 24, sun tafi daidai, PCV ya hau zuwa 30. A farkon Janairu, cikin yana da mako 28, aka tura ungozomar wani horo na mako biyu, daga nan ta wuce hutun da ta daɗe ba ta samu ba. Matar ta zo ranar awonta cikin sanyin hunturu, ta leƙa ta ga wata fuska a kan kujerar, ta kira lambar ba ta shiga ba, sai ta juya gida ba tare da an auna ta ba. Ƙwayoyinta suka ƙare. Babu wanda ya lura da rashin zuwanta, domin duk abin da aka sani game da ita yana cikin kan mutum ɗaya, katin kuwa jini da nauyi kawai yake faɗa. Ta fara gaya wa uwar mijinta cewa wanga karon ma ɗaki za ta haihu.

Gyaran tsari, ƙarshen Janairu zuwa Maris 2024

Da ungozomar ta dawo ta duba littafinta ta ga giɓin, ta kira mijin, domin a waya ɗaya suke da matar. Matar ta dawo a mako na 31, PCV ya koma 27. Ungozomar ta kai maganar gaban shugabar ma'aikatan jinya, aka amince da wani ƙaramin tsari na gwaji ga matan da tarihinsu ke da haɗari. An haɗa ta da wata matashiyar ungozoma da ke ɗakin haihuwa, aka tsara jadawalinsu yadda da wuya su biyun su bar gari lokaci ɗaya, kuma matashiyar za ta riƙa zuwa ɗakin awo ranar da matan da ke hannunsu za su zo. An buɗe wani littafi na daban mai shafi ɗaya ga kowace mace, wanda ban da awo ake rubuta abin da take tsoro, da wanda take so ya shiga da ita, da wanda ke yanke hukunci a gidan idan miji ba ya nan.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan mataki shi ne yadda aka yi gabatarwar. Babbar ungozomar ba ta tura ta kawai ba, ta zaunar da su biyun, ta nemi izinin matar, sannan ta ba matashiyar labarin a gabanta, har da zancen ƙarin, ta kuma bar matashiyar ta yi awon da hannunta tana tsaye. Matar ta ji da kunnenta cewa ba sai ta sake tona abin da ke ba ta kunya ba. Daga ranar ta fara kiran matashiyar Anti, babbar kuma Malama.

A mako na 34 aka gayyaci mijin da mahaifiyarsa. An yi masa gwajin rukunin jini shi da ƙanensa, aka ajiye sunan ƙanen a matsayin wanda zai ba da jini idan ta kama, aka karɓi lambar wani mai keke napep na unguwar wanda ya yarda a tashe shi ko da tsakar dare. Mijin ya faɗa a gaban kowa cewa ya ba ta izinin fita duk lokacin da naƙuda ta tashi, yana nan ko ba ya nan, wanda hakan ya toshe ƙofar jinkirin da ke cin rayukan mata da yawa a ƙasarmu. Ita kuwa uwar miji, wadda ta haifi 'ya'yanta duka a ɗaki, ba a yi jayayya da ita ba. Ungozomar ta ce mata: "Inna, ke za ki shiga da ita, ki riƙe mata hannu, ki yi mata addu'a, mu kuma mu yi namu." Wannan ya yi daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018 cewa a bar mai naƙuda da wanda ta zaɓa ya zauna tare da ita.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, cikin ya shiga mako na 37, zafin Sakkwato kuma ya fara tsananta. Ta yi azumi biyu ta ji jiri, ta kira Anti ta gaya mata, abin da a baya da ta ɓoye. Aka shawarce ta ta ajiye saboda ƙarancin jininta, mijin ya tambayi malaminsa ya tabbatar masa da rangwamen da shari'a ta yi wa mai ciki, ta ajiye. Awon ƙarshe kafin haihuwa ya nuna PCV 32.

Naƙuda da haihuwa, 27 ga Maris 2024

Ciwo ya fara mata da misalin ƙarfe 2 na dare, mijin yana hanya. Ƙarfe 3 ta sa aka kira waya, ƙarfe 4 saura suna asibiti ita da uwar mijinta. Matashiyar ce ke aikin dare. Ta tarar bakin mahaifa ya buɗe santimita 4, bugun zuciyar jariri lafiya, hawan jini 110/70. Tun kafin komai ta sa mata allurar ruwa a jijiya, ta aika jininta ɗakin gwaji, ta sanar da likitan da ke kan kira, ta ajiye magungunan tsayar da jini a kusa, domin ta san abin da take jira. Sau uku aka duba bakin mahaifa a duk tsawon naƙudar, kowane da sanarwa da neman izini, kuma an bar ta ta yi tafiya a baranda ta sha ruwa.

Da lokacin canjin aiki ya yi da safe babbar ungozomar ta karɓa, matashiyar kuma ta ƙara awa ɗaya a kan lokacinta bisa son ranta. Ƙarfe 9 da minti 20 ta haifi mace mai nauyin kilo 3.1, ba ƙari, sai 'yar tsagewa da ba ta buƙaci ɗinki ba. Cikin minti ɗaya aka yi mata allurar oxytocin mai sa mahaifa ta tsuke, mabiyiya ta fita cikakkiya. Duk da haka mahaifa ta saki, jini ya taho. Nan take aka shiga murza mahaifar, aka ƙara oxytocin a ruwa, aka ba ta maganin tranexamic acid mai rage zubar jini ta jijiya, ana yi ana gaya mata abin da ake yi. Jinin ya tsaya bayan an kiyasta asarar mililita 600, wato ya ɗan haura 500 da ake ƙirgawa a matsayin zubar jini bayan haihuwa. Washegari PCV ya nuna 29, ba a buƙaci ƙarin jini ba. An ɗora mata jaririyar a ƙirji, ta kama nono cikin awar farko, aka shafa wa cibiya chlorhexidine, aka ba su sauran su tafi da shi.

Jego, Afrilu zuwa Mayu 2024

Anti ta kira ta a kwana na uku, komai lafiya. A kwana na shida, jajibirin suna, matar da kanta ta kira ta ce kanta na ciwo tun jiya, ƙafafunta kuma sun ɗan kumbura. Matan gida sun ce gajiyar hidima ce da zafin ruwan wankan jego, ta bari sai an watse. Aka ce ta taho a ranar. Hawan jininta ya nuna 145/95, aka sake aunawa bayan ta huta bai sauka ba, fitsarinta kuma babu furotin, wanda ganinsa kan nuna haɗarin jijjiga. Ga macen da aka san awonta 100/60 ne tun Oktoba, wannan tashi ne babba, kuma jijjiga tana iya kama mace bayan ta haihu. Likita ya rubuta mata maganin hawan jini, aka kuma roƙi uwar miji a rage kanwa a kunu da gishiri a miya, a sassauta zafin ruwan wanka. Ta amince ba tare da doguwar magana ba, kasancewar ta ga aikin ungozomomin da idonta. Bayan mako biyu awon ya koma 115/75. A zuwan mako shida PCV ya kai 33, jaririyar tana kan nono zalla, matar kuma ta nemi a yi mata bayanin hanyoyin tazarar haihuwa, ta ce za ta shawarci maigida.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Sanin juna bai hana jinin zuba ba, domin ya zuba a haihuwa ta uku kamar yadda ya zuba a biyun farko, kuma magani ne da ƙwarewar hannu suka tsayar da shi. Abin da riƙon ungozomomin ya canja shi ne duk abin da ya gabaci wannan minti: ta sha ƙwayar ƙarin jini saboda an gano dalilin ƙin shanta, ta iso asibiti cikin awa biyu da fara ciwo maimakon yini guda, an sa ruwa a jijiya tun kafin a buƙace shi, kuma ta faɗi ciwon kai a ranar da kunya da hidimar suna za su iya rufe mata baki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya rataya ne a kan maganar da ba ta gaya wa baƙo. Jawabin wayar da kai da kayan kyauta da kuɗin mota sun gaza a 2020 saboda sun amsa tambayar da ba ita ce tata ba.

Gwajin farko na ungozoma ɗaya ma ya gaza, kuma a ganina wannan gazawa ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Alheri ne na mutum ɗaya da lambar wayarta, ba tsari ba, shi ya sa rashinta na mako uku ya kusa rushe aikin wata uku, ya kuma mayar da PCV daga 30 zuwa 27. Abin ya tsaya da ƙafarsa ne bayan an zama biyu, an haɗa ɗakin awo da ɗakin haihuwa, an rubuta abin da kati ba ya ɗauka, kuma an yi miƙa hannun a gaban mai cikin.

Wannan ya yi kama da abin da bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya na duniya, ta yi a 2016 ta gano bayan ta tattara gwaje-gwaje 15 da suka shafi mata fiye da 17,000: matan da ungozomar da suka sani ta riƙe sun fi haihuwa da kansu, an fi rage yi musu ƙari da jawo jariri da kayan aiki, kuma sun fi gamsuwa da yadda aka kula da su. Sai dai an yi waɗannan gwaje-gwaje ne a ƙasashe irin su Ingila da Ostireliya da Kanada, inda ungozomomi suke da yawa. A nan kuwa ƙarancinsu ne ya sa gwamnatin tarayya ta kafa shirin tura ungozomomi asibitocin karkara a 2009, kuma har yanzu ba su wadata ba. Dole kuma a lura cewa haihuwa ta uku takan fi ta fari sauri, kuma tsoron da ta ji a 2020 ya taimaka wajen tura ta awo da wuri, don haka ba duka nasarar za a jingina ga tsarin ba.

Tsarin bai ci kuɗi ba sai littafi da katin waya, amma ya ci lokacin ungozomomin, har da awannin da ba a biya su ba. A asibitin, matan da tarihinsu ke da haɗari kaɗai aka iya sa wa a ciki. Masu cikin fari, waɗanda su ne kunya ta fi ɗaure wa baki kuma a kansu ne ake yanke ko mace za ta sake dawowa, har yanzu suna bin layin da wannan mata ta bi a 2018, domin ungozomomi biyu ba za su iya ɗaukar su ba sai an ƙaro ma'aikata an kuma daina sauya musu wurin aiki a tsakiyar shekara.